Wankan Jego a Sikotilan

Jirgin sama na farko da na hau a rayuwata ba na Makka ba ne, kuma har gobe matan unguwarmu a Matamaye ba su daina yi mini gori a kai ba. Wai kowa ya nufi gabas, ni na nufi inda ko alƙibla sai an tambayi salula. Na ce su yi ta faɗa. 'Yata ta fari ce ta haihu a Sikotilan, can gaba da Ingila, babu uwa, babu gwaggo, babu mai ɗora mata ruwan zafi. Ko a bayan duniya take sai na je.

Bari in faɗi abin da zai sa ku gane sauran. Ni ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. 'Yar fari ce. Da aka yaye ta aka kai ta Dungu wurin mahaifiyata, can ta girma tana ce wa tsohuwa Inna, ni kuwa tana ce mini Yaya. Haka na taso na ga ana yi, haka na yi, kuma ban ce na yi laifi ba. Sai dai tawa kunyar ta zo da ƙari, don sunanta ya yi daidai da wata kalma da kowa ke faɗi idan baƙo ya tashi tafiya. Tun ranar suna na cire kalmar daga bakina. In baƙuwa ta miƙe sai in ce bari in taka miki. Rake kaɗai na bar wa kaina, don wanda ya daina faɗin rake a ƙasarmu sai dai ya daina magana.

Karatu ya kai ta can. Ta gama inibarsite a Yamai, aka ba ta gurbin koyon gyaran tsofaffin zane-zane, irin na fenti a kan kyalle da Turawa ke ratayewa a bango. Ranar da aka gaya mini na ce, duk karatun duniya, ga likita ga alƙali, sai wankin hoto? Amma ban hana ba. Ni sai da maigidana ya rasu, furfura ta fara leƙo mini, sannan na ɗauki allo da alli na shiga ajin yaƙi da jahilci, yaran lakwal, 'yan makarantar boko, suna leƙe ta taga suna dariya. Wadda ta sha wannan ba ta hana kowa karatu, ko da na ƙirga ƙudaje ne.

Ana saura kaɗan in tashi mijinta Laminu ya kira ni. Ɗan Tsauni ne, mai kunya, shi ma karatu yake a can yana haɗawa da aiki. Ya yi ta gaisuwa har na ce ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya ce tun da ta haihu ba ta cin abinci, ba ta magana, kuma ta ce ta bar karatun. Makarantar ta yarda ta riƙe mata gurbi har ta yi arba'in. In ba ta koma ba, a ba wani. Da wannan maganar na hau jirgi.

Wahala ta fara ne a filin jirgin Faransa, inda za mu sauya jirgi. Wurin ya fi garin Matamaye girma, kuma duk karatun da na yi ya tsaya yana kallona ina kallonsa. Ina haɗa baƙaƙen, amma in na haɗa ba su ce mini komai. Ina tsaye da ƙaramar jaka da wata babbar rigar sanyi da Laminu ya aiko mini, sai ga wani saurayi baƙar fata, tsaf da shi, takalmi na ƙyalli. Ya ce mini Mama da Faransanci mai laushi, ya duba tikitina, ya ce ƙofar jirgina da nisa, bari ya rage mini kaya. Na miƙa masa rigar da jakar. Allah ya so ni na karɓe tikitin na mayar cikin lalita tare da fasfo. Muka kutsa cikin jama'a, ya sha kwana, ni ma na sha, ban ƙara ganinsa ba. Babu komai a jakar sai ƙuli-ƙuli da busasshen ganyen dogon yaro da na tanada don wankan jego. Ina fata ya ɗanɗana ganyen.

Na zauna a ƙasa na jingina da bango ina zaginsa da Hausa, da ƙarfi, don ni ba na zagi a ciki. Sai na ji an ce, "Baiwar Allah, wa ya taɓa ki haka?"

Wata mai goge ƙasa ce, da sandar aikinta a hannu. 'Yar Garwa ce ta Kamaru, Hausarta a karkace amma Hausa ce.

Na ce, "Wani ɗan iska ne ya ce mini Mama."

Ta ce, "Ai a nan duk wanda ya ce miki Mama, riƙe jakarki da hannu biyu."

Ta zuba mini shayi daga nata, ta kwance mayafin ulu daga wuyanta ta yafa mini, ta jingine sandar ta taka mini har ƙofar jirgi. Haushi bai bar ni na tambayi sunanta ba. Mayafin yana nan a akwatina, kuma ba na sallar asuba ban sa ta a addu'a ba.

A Edinbara Laminu ya tare ni. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar filin jirgi yana gaishe ni, Turawa suna kewaye shi da akwatunansu. Muna fita sanyi ya shige ni ba sallama. Ba irin namu ba ne da ke tsayawa a fata, wannan ƙashi yake nema. Rana kuwa a garin kamar ma'aikacin gwamnati ranar Juma'a, ta zo a makare ta tashi da wuri. Ka sallame la'asar, kafin ka naɗe darduma magariba ta faɗo.

Na same ta zaune bakin taga a wani ɗaki can sama, jariri a cinya, tana kallon ruwan sama. Ta sunkuyar da kai ta gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Na karɓi yaron. Sunan marigayi maigidana aka sa masa, shi ma ke nan ba sunan da zan iya faɗi ba ne, sai na ce masa Maigida. Ta kansa muka riƙa magana, ni da ita.

Na ce, "Maigida, wannan ce uwar taka? Ai karan dawa ya fi ta nama."

Ta ce, "Maigida, ka ce wa Yaya sannu da hanya."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a ranar.

Washegari na kama aikin da ya kawo ni. Babu murhu, babu tukunyar jego, babu ganye, sai wata butar lantarki da ke cin kofi huɗu. Na yi ta tafasawa ina juyewa a baho ina gasa ta da tawul. Na dama kunun kanwa da garin geron da na zo da shi. Ana haka unguwarzoman da ke zagayen masu jego ta shigo, wata doguwa mai jan gashi. Ta sa gwiwar hannu a ruwan ta cire da sauri. Ta shinshina kunun, ta tambayi Laminu abin da ke ciki, ta ce kanwa tana wahalar da zuciyar mai jego.

Na ce, "Gaya mata na haifi bakwai da ruwan nan da kunun nan."

Laminu ya faɗa mata a hankali, ina jin ya rage wa maganar gishiri. Ta amsa, ya juyo.

"Inna, wai a garinku ba a ganin mai jego ta kumbura, numfashi ya gagare ta?"

Na san su. Biyu a layinmu kaɗai. Daga ranar na cire kanwa, na kuma riƙa surka ruwan, amma wankan ban fasa ba, ita ma ba ta ce in fasa ba. Ita ce kuma ta ce shirun yarinyar nan ciwo ne mai suna, ba sangarta ba, ba kuma iska ba, yana kama masu jego a ko'ina kuma yana da magani. Ta haɗa ta da likita. Na faɗi wannan don kada wata ta karanta ta ce ni ce na warkar da ita.

Wata safiya na kunna gawayi na zuba turaren wuta. Sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu kamar an taka wutsiyar shaiɗan. Laminu ba ya nan, yaro ya tsandara kuka, ni kuma na ɗauki takalmi ina jifan abin. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar da ke ɗakin da ke kallon namu ce, gajera, da tsintsiya mai dogon hannu. Ta zungure shi sau ɗaya ya yi shiru. Ta buɗe taga, ta tsaya tana shaƙar turaren, ta lumshe ido, sannan ta dube ni da takalmi a hannu ta fashe da dariya. Ni ma na yi. Da la'asar ta dawo da miyar ganye da sha'ir da safar ulu da ta saƙa da hannunta. Na ba ta ɗan turaren a ƙulle. Har na bar ƙasar ba mu san kalma ɗaya ta juna ba, amma kullum sai mun zauna.

Duk da haka kewa ta ci ni. Babu kiran salla, babu mai sallama a ƙofa, babu akuyar da za ka kora. Na yi kewar har jakin maƙwabcina da na sha yi wa baki.

Ana nan wata rana ina shafa wa yaro mai, sai ta ce, tana kallon taga, "Maigida, in Yaya za ta koma gida mu ma mun bi ta."

Jinina ya hau. Da ta biyu ce ko ta uku, da na kama kafaɗarta na jijjiga ta har haƙoranta su haɗu. Amma ita ba na iya ko kallon tsakiyar idonta. Na ce, "Maigida, ka gaya mata tikitina na mutum ɗaya ne." A ranar na ce wa Laminu ya kai ni in ga abin nan da aka baro gida dominsa, kuma ake shirin zubarwa.

Ya sauke ni a gidan da ake rataye zane-zanen don kallo, kan hanyarsa ta aiki, ya nuna mini ɗakin da ta fi zama kafin ta haihu. Shiga kyauta ne, ga ɗumi, wannan ya fara burge ni. Na wuce ɗakunan manyan mutane masu gashin aro da karnuka, ban ga abin kallo ba. A ɗakin nata na tarar da talakawa. Ga wata mata a gonar shu, kabejin nan da muke nomawa a fadama, da wuƙa a hannu, ta miƙe tana hutar da baya. Ga wata yarinya tana kora dinya, manyan agwagin nan, da tsumagiya. Ga masunta suna jan koma. Na ce ashe su ma sun san talauci, ba da takalmi aka haife su ba.

Sai na zo kan wani babba da ya kusa cinye bango. Na matsa kusa, yadda ake duba atamfa a kasuwa, hanci a jikin kyalle. Ban ga komai ba. Fari, toka-toka, shuɗi, kore, an yaɓa su an ja, kamar kaji sun bi ta kan sabon daɓe. Wani wurin fentin ya yi tudu, wani wurin ana ganin kyallen. Na ɗaga yatsa in ji ko ya bushe.

Sai ga mai gadin ɗakin, tsoho mai jar fuska da farin gashi, yana yi mini alama da hannu biyu, irin ta korar kaji. Baya, baya.

Ku da kuka san ni kun san abin da ya biyo. Na gyara mayafi na ce, "Ni kake kora? Ga Turawa can sun cika ɗaki ba ka ga kowa ba sai ni? In kayan ubanka ne ka naɗe ka kai gida." Da Hausa na faɗa, kuma na tabbata ya ji, don zagi ba ya bukatar tafinta.

Bai yi fushi ba. Sai shi ya fara tafiya da baya, taki ɗaya-ɗaya, yana yafuto ni, har ya kai wani benci a tsakiyar ɗaki. Na bi shi don in ƙarasa masa maganar a kusa. Da na iso ya nuna bayana da haɓa. Na juya.

Teku na gani. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba, na ga teku yana motsi, iska tana kaɗa ciyawar gaɓa, hadari ya buɗe haske ya zubo a kan ruwa. Can nesa ga jirgin ruwa mai tufafin iska yana tafiya. A gaɓa ga mutane, tsoho, mata, yara, wasu a zaune wasu a tsaye, kuma ana ganin yashi da ciyawa ta cikin jikinsu kamar ba su gama zuwa duniya ba. Abin da na kira sawun kaji, duk shi ne wannan.

Na zauna a bencin ba tare da na yi niyya ba. Tsohon ya zaro minti daga aljihu ya miƙo mini. Mu muke cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma sai da Bature ya koya mini da hannu. Da na koma washegari na kai masa goro. Ya gutsura, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, ya haɗiye don kunya, ya ɗaga mini babban yatsa.

A gida na ɗauki yaro na ce, "Maigida, na ga aikin uwarka. Mai zanen malalaci ne. Fenti ya ƙare masa bai ƙarasa mutanen ba, ya sayar haka nan, Turawa suka saya."

Ta juyo daga taga. Tun da na zo ban ga ta juyo da sauri haka ba.

"Ba ƙarewa ya yi ba. Maigida, ka gaya wa Yaya da gangan ya yi."

"To ya aka yi ana ganin yashi ta cikin cikin yaro?"

Sai ta ɓalle. Ta ce mutumin ɗan talakawan manoma ne na gaɓar yamma, ya rayu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Masu zanen zamaninsa a ɗaki suke zama su yi ta laulaye fenti har ya yi sumul, shi kuwa sai ya ɗauki kyallen ya fita bakin teku, ya ɗaure da igiya da duwatsu kada iska ta kwashe, ya yi ta sauri don ya kama hasken kafin ya sauya. Ta ce har yau akwai yashi maƙale a cikin fentin irin waɗannan zane, ta gani da idonta a madubin aikinsu. Yaran kuwa da launin yashi da ciyawa ya yi su, don a wurinsa su da ƙasar abu ɗaya ne.

Na ce, "Jirgin fa, ina za shi?"

Ta ce mutanensu ne ke barin ƙasa. Yunwa ta kore wasu, wasu masu ƙasa ne suka tashe su don tumaki sun fi su riba. Suka tsallaka teku neman abinci.

"Cin rani ke nan, irin na mazanmu."

"Cin ranin da ba a dawowa."

A ranar ta cinye tuwonta. Ni kuwa na gano maganina. Kullum sai in je gidan zanen in dawo da sabuwar ɓaranɓarama. In ce mai gonar shu barci take a tsaye. In ce hadarin nan kuskure ne, fenti ya zube masa. Ita kuma ba ta iya jin ƙarya a kan aikinta ta yi shiru, a nan ta gado ni. Laminu ya gane, ya riƙa shiga kicin yana dariya. Amma duk ranar da na ce, "Maigida, yaushe za a koma makaranta?" sai ta mayar da fuska taga. Arba'in tana matsowa, malamarta ta aiko tambaya, ba ta amsa ba.

Ranar da ta cika arba'in na yi mata wankan ƙarshe, na fito da atamfar da na ɗinko mata, na ce a shirya, yau yawon arba'in.

Ta ce, "Maigida, wurin wa? Wa muke da shi a garin nan?"

Na ce, "Ka gaya mata ba a fasa al'ada don dangi sun yi kaɗan."

Muka fara da tsohuwa mai tsintsiya, ta ɗauki yaro ta sa masa hular ulu. Daga nan na ce wa Laminu gidan zane. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin kamar wadda za a yi wa allura. Mai gadi ya gan ni da goyo, ya zo ya leƙa fuskar yaron, ya share mana bencin da hannun rigarsa. Laminu ya ja gefe wurin masunta. Muka zauna, ni da ita, jirgin yana gabanmu. Na kwance yaron na ɗora a cinya.

Sannan ta kama ƙafar yaron ta ce, "Maigida, a kan wannan nake rubutuna. Da ina kallonsa lafiya lau. Tun da na haife ka na kasa. In na rufe ido sai in ga ni ce a jirgin, in waiwaya gaɓa in ga ba kowa. Ranar da na bar Matamaye kowa ya zo tasha. Gwaggo ta zo, ƙannena sun zo, har mai shayi ya ɗaga mini hannu. Mutum ɗaya ce ba ta zo ba. Na san al'ada ce. Amma da na riƙe ka a asibiti na ce, ashe ana iya haifar mutum a bar shi ya hau mota ba a duba ba."

Ban san tana ɗauke da wannan ba. Shekara uku.

Na ce, "Maigida, ka tambaye ta ko ta tuna mai rake da ke ajiye kurarsa a gindin dogon yaro, tsallaken titi."

"Na tuna."

"Akwai wata mata a bayan kurar, da koren mayafi. Tun kafin a fara lodi take wurin. Ta sayi rake har sau uku don kada ya kore ta, ita da haƙoranta ba sa iya rake. Mota ta tashi, 'yan tasha suka watse, ita tana nan har ya tambaye ta ko lafiya."

"Ban gan ta ba."

Na nuna zanen. Can gefe, nesa da sauran, akwai wata da ba a ko gane fuskarta, ɗan jan fenti ne kawai a cikin ciyawa. Tun zuwana na biyu na lura da ita.

Na ce, "Waccan ma daga jirgi ba a ganinta."

Ta share ido da bakin mayafi ta yi 'yar dariya. "Yaya, ba na jin mai zanen ya san kunyar ɗan fari."

"Shi ya sani. Ni dai na gane ta."

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta bar ƙafar yaron ta juyo ta dube ni, ni kaina, ba ta kansa ba.

"Yaya, malamaina suna da sunan abin nan da Turanci. Ni da Hausa nake son in ji. Mutanen nan na gaɓa, me suke yi?"

Na gane inda ta nufa. Na ce, "Sallama suke."

"An gama sallama. Jirgi ya yi nisa."

"To, taka musu suka yi."

"Yaya."

Na dubi Laminu, ya ba mu baya yana nazarin koma kamar zai saya. Na dubi mai gadi, ba ya jin Hausa. Mahaifiyata tana kabari a Dungu, matan unguwa suna bayan teku da hamada. Ni da ban taɓa jin tsoron mushe, malamin ajinmu, ba, ban ji na jandarma ba, na ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na mayar da ido kan matar nan ta cikin ciyawa.

Na ce, "Rakiya ce."

Ta ce, "Na'am, Yaya."

Ranar Litinin ta koma makaranta. Na goya Maigida na bi ta har ƙofa, na tsaya inda za ta gan ni in ta waiwaya, ta kuwa waiwaya. Ciwon bai tafi rana ɗaya ba, ta ci gaba da ganin likita, wata ranar ta tashi da nauyi. Amma gurbin ba a ba kowa ba. Kafin in taho Laminu ya kai ni bakin teku na gaske. Yana da kyau, sai dai na riga na gan shi.

Na gode wa 'yar Garwa, da tsohuwa mai tsintsiya, da mai jan gashi da ta kayar da ni a gardama, da mai gadin da na zaga ya ba ni minti. Mai zanen ma na gode masa, ko da yake har yanzu ina ganin da ya ƙara wa yaran nan ɗan fenti ba abin da zai ragu da shi.

Sunanta kuwa ban sake kira ba. Ni ba Baturiya ba ce, kuma in ta kira a salula har yau ta kan Maigida muke bi. Kalmar ce dai ta dawo bakina. Yanzu ko gishiri maƙwabciya ta shigo aro, tana miƙewa sai in jawo mayafi in ce, da ƙarfi yadda na ƙofar gida zai ji, "Tsaya in yi miki rakiya." Jiya wata ta ce mini, "Ke kuwa lafiya? Gidana fa ga shi nan, katanga ɗaya."

Na ce na sani. Mu je.